Ƙarar ruwa a gonar abokina

Shekarun baya kaɗan, da na fara riƙe babbar waya, ba ni da aiki sai ɗaukar bidiyon gona ina sawa a shafina. Gonar shinkafar ma ba tawa ba ce. Ta abokina ce, wanda muka taso tare a wajen Bunkure. Ciwon suga ya cinye masa ido, shi ne ya ce in riƙa noma ta muna raba amfani.

Duk ranar da layin ban-ruwa ya zagayo kanmu, nakan tsuguna bakin kanal, magudanar da ke kawo mana ruwa, in ɗauki yadda tiyo ke zuba cikin fangalin shinkafa. Ba na cewa komai. Ruwa ne kawai, da kukan tsuntsaye. Matar abokin nawa ce take kunna masa bidiyon, ya kara wayar a kunne. In na je gaishe shi sai ya ce, "Kai malalaci, ruwan jiya bai kai ƙarshen gona ba. Na ji ƙararsa, tiyo ɗaya ka sa." Kuma gaskiyarsa ne.

To, sai na fara ƙirga masu danna laik. Tsofai-tsofai da ni, ko alwala zan yi sai na leƙa na ga ko an ƙaru. Ba a ƙaruwa. Wani mai sayar da taki a Kura, wanda mabiyansa ke da yawa, ya karɓi wayata ya duba, ya yi dariya.

"Baba, wa zai zauna yana sauraren ruwa? Ka ɗora kiɗa a kai, ka gajarta shi. Kuma ka daina sawa da sassafe, sai bayan Magariba mutane ke kan waya."

Na bi maganarsa, kuma ta yi aiki. Masu tsokaci suka yi yawa, har daga Legas ana ce min Sarkin Noma. Kaina ya kumbura.

Ranar wata Juma'a abokina ya kama hannuna ya ce, "Wai biki ake yi a gonar tawa? Ka toshe min ruwa da ganga."

Na ce, "Haba Malam, zamani ne. Zan ɗaukar maka naka daban."

Ya ce, "To, Allah Ya sa."

Ban ɗauka ba. Kullum in na je bakin kanal, tunanina na kan abin da zai jawo mutane. Shi kuwa ba ya gani balle ya danna wani abu, don haka bai taɓa fitowa a lissafin da nake dubawa ba. Haka aka yi girbi, aka rufe ruwa don yashe kanal. Kafin a sake sakowa, jikinsa ya tashi, Allah Ya yi masa rasuwa.

Da na je yi wa matarsa ta'aziyya, ba ta zarge ni ba. Cewa kawai ta yi a kwanakinsa na ƙarshe yakan sa ta nemo tsofaffin bidiyon, na can ƙasa waɗanda ba wanda ya kula da su, ta yi ta maimaita masa har barci ya ɗauke shi.

Har yanzu ina sa bidiyo, mabiya ma sun ninka na da. Amma in na ga adadin ya hau, ba na jin abin da nake ji a da. Wayar tana nuna min wanda ya danna, ba ta taɓa nuna min wanda yake jira ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. In kun karanta, ku yi masa addu'a a zuci. Ba sai kun rubuta ba.