Yaran da Ke Riƙe da Ƙoƙon Kai

Shekarun baya can, gab da samun 'yancin kai, ina babbar firamare a Dutsin-Ma. Ban iya ƙwallo ba, ban iya surutu ba, shi ya sa malaminmu ya damƙa mini makullin kabad ɗin littattafai. Da hutu ya zo na ari guda na tafi da shi gida Kurfi, da sharaɗin in ya lalace in miƙa makulli.

Labarin wani attajirin Ingila ne, mai fataucin ulu, wanda ya yi magajin garinsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A tsakiya akwai hoton kabarinsa. An sassaƙa shi da dutse yana kwance, 'ya'yansa a durƙushe a jere, wasu riƙe da ƙoƙon kan mutum.

Ina karatu a inuwar rumbu bayan azahar, sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya leƙo ta bayana.

"Subhanallahi! Malam Boko, abin da ake koya maku ke nan? Ga asirin dukiyar tasa nan, tsafi ƙiri-ƙiri! Yaya, miƙo garwashi."

Mahaifiyata ta ajiye taɓarya ta matso.

"Kai, me rubutun ƙasan ya ce?"

Na bi shi kalma-kalma. Na ce waɗanda ke riƙe da ƙoƙon kai su ne suka riga ubansu mutuwa.

"Ashe matarsa wabi ta yi," in ji ta.

Ita ma 'ya'ya huɗu ta binne kafin ni, kuma ba a taɓa zancensu a gidanmu ba. Ta ɗora yatsa kan na ƙarshen layi, ɗan mitsitsi, naɗe cikin zane.

"Wannan bai kai suna ba. Kwana biyar."

Na juya shafi. Kwana biyar aka rubuta. Mahaifiyata ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Kawu ya ja takalminsa ya fice ba sallama.

Ta naɗe littafin a ɗankwalinta, ta sa a adudu, ba ta fito da shi ba sai ranar komawata.

Na yi ta ce wa kaina dace ne kawai, wataƙila kwanakin nata jaririn ta faɗa. Sau da yawa na shirya tambayar, kunya ta hana. Ta rasu ban tambaye ta ba.