Saƙon da na tausasa a zauren baffa

Shekarun baya, wata Talata a tsakiyar damina, ƙarfe biyu da kwata na rana, na sauka a ƙofar gidanmu da ke Horo Birni. A zaure na tarar da baffana, wanda shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifinmu, da mai ɗori, da maƙwabta uku. Yayana yana kwance a tabarma yana amsa barka da arziki.

Ranar Litinin da safe ya je duba tsohon ɗakin da yake ajiye albasa a bayan gari. Ruwan kwana biyu ya jiƙa katangar, ta rufto masa a cinyoyi. Sa'a biyar ya yi a danne kafin wani makiyayi ya ji kiransa. Mai ɗori ya laluba ko'ina ya ce babu karaya, ko tsagewar ƙashi babu. Da yayana ya gan ni sai ya yi dariya.

"Ɗan rediyo, ka taho ɗaukar labari? To ka ce katanga ta gwada ni, ita ta wargaje."

Da na matsa kusa ne ya rage murya, ya ce fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara, kuma kaɗan ne. Baffa ya ji. Ya ce mataccen jini ne ke fita, alamar sauƙi ke nan, a ci gaba da gasa masa cinyoyin da ruwan zafi safe da yamma. Kowa ya gyaɗa kai.

Na fita na kira abokina, ma'aikacin ɗakin binciken jini a Sakkwato. Tambaya uku ya yi mini: sa'a nawa ya yi a danne, yaya launin fitsarin, kuma yaya yawansa. Da na amsa sai ya ce, "Ka ɗauko shi yanzu. Yanzu na ce, ba gobe ba. Ƙodarsa ce ke mutuwa."

Kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba, sana'ata ce riƙe magana yadda aka faɗe ta. Amma a gidan rediyo an koya mana cewa mai karanta labarai ba ya firgita mai sauraro, a gida kuma ban taɓa ce wa baffa ya yi kuskure ba, balle a gaban baƙi. Na koma zaure na durƙusa.

"Baffa, ranka shi daɗe, mutumin asibitin ya ce in da hali, zai yi kyau a kai shi a duba."

"In da hali," in ji baffa. "To madalla. Jibi in hanya ta sha iska sai a tahi da shi."

Na yi musu sallama. Na kama hanya don ina da labaran yamma, na kuma karanta su ba tuntuɓe ko ɗaya. Har yaba mini aka yi.

Ranar Alhamis fitsarin ya tsaya cak, cinyoyin suka kumbura, ya fara amai. Aka kai shi Shagari, aka ce a wuce da shi Sakkwato ba tare da ɓata lokaci ba. Na tare su a Bodinga na shiga motar. Kansa yana cinyar matarsa, leɓunansa sun bushe. Ya ɗago ido ya dube ni.

"Wai abokin nan naka, mi yac ce ran nan?"

Na ce ya ce a kawo ka.

"To ga shi an kawo ni," ya ce, ya rufe ido.

Sau ɗaya aka samu aka yi masa wankin ƙoda. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu.

Sai bayan wata shida na iya taka ɗakin aikin abokina. Bai tambaye ni abin da na gaya wa mutanen gida ba, ina jin ya sani. Ya buɗe firji ya ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, da ɗan ruwa ja-ja a gindinta. Ya ce sunansa mayogulobin, na jikin ɗan'adam ne da aka tace, da shi suke gwada na'urarsu su tabbatar tana auna daidai kafin su auna jinin kowa. Ya ce kowa yana da shi a tsoka. Shi ke riƙe wa tsoka iskar da muke shaƙa don ta samu ta aiki, shi ne ma ke sa nama ya yi ja. Muddin yana cikin tsoka, amfani ne zalla. In tsoka ta murƙushe sai ya kwararo cikin jini, ya je ya toshe ƙoda, ya rina fitsari. Na tambaye shi maganin. Ya ce ƙarin ruwa, leda bayan leda, amma da wuri. Bai ce da an kawo yayana da wuri da ya rayu ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba.

Na riƙe kwalbar da sanyinta a tafin hannu. An ɗauko ta daga wata ƙasa cikin ƙanƙara, ta iso ba abin da ya ragu a cikinta. Ni taku goma ne tsakanin inda na amsa waya da zaure.

Har yanzu mutane kan ce ina da ladabi, ina da taushin harshe, ni kuwa in yi godiya. Ban ƙi ladabi ba. Abin da na sani shi ne ranar nan ba baffa na kare ba, fuskata na kare, don kada a ce ɗan boko ya zo yana gyara wa manya. Baffa ya yi hukunci da abin da aka kawo masa, ni ne na kawo.

Baffa ya rasu bara. Duk wanda ya tayar da zancen yayana, yakan ce ai mutumin asibitin da kansa ya ce ba gaggawa. Sau da yawa ina zaune a wurin. Ban taɓa gyara masa ba.