Dattijuwa Ta Fara, Sannan Baƙo

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma akwai fanni ɗaya da ko a Riyad ban ga wanda ya fi ni ba: sanin wanda ake fara miƙa wa abinci. Wannan ilimin na kai ɗakin macizai, kuma har yau ban san ko lada aka rubuta mini ko alhaki ba.

Ɗana injiniya ne. Da tsufa ya kama ni, ya ɗauko ni daga gida ya ajiye ni a unguwar Suwaidi, a bene, inda ba akuya ba kaza. Na ce madalla, zan huta. Sai jikata, wadda a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu, ta ja hannuna ta buɗe wani ɗaki. Akwatunan gilashi ne a jere, kowanne da maciji a ciki.

"Amarya," na ce, "waɗannan ne kayan ɗakin da za ki kawo mini?"

"Ango matsoraci. Ba sa cizo. Shigo ku gaisa."

Daga bakin ƙofa na gaisa, kuma nan ya zama wurin tsayuwata.

Akwai wata ƙaramar mesa irin ta ƙasarmu, mai naɗe kanta kamar gammo. Tun yarinyar tana firamare take tare da ita, lokacin da 'yan ajinsu ba sa wasa da ita. Ita take ba labarin makaranta. Ni na sa mata Dattijuwa.

Ranar Alhamis ake ciyar da su. Jikata takan fito da daskararrun ɓeraye daga firiza, ta ɗumama su, ta miƙa wa kowa nasa da dogon awartaki guda ɗaya. In ta gama da su duka sai ta wanke shi da magani ta rataye. Na lura tana farawa da duk wanda hannunta ya kai.

"Wannan gida ba tarbiyya," na ce. "Ana ba yaro abinci babba na kallo?"

Ta yi dariya, amma ta bi dokata. Da ta sayo wani sabon maciji mai kauri daga hannun wani mutum da zai bar ƙasar, wanda ya miƙa mata shi a bayan shagunan kasuwar Batha, sai na sake zaman shari'a daga bakin ƙofa. Na yanke cewa Dattijuwa ta fara, sannan baƙo, sannan yara.

Bayan wasu watanni ɗaya daga cikin yaran ya amayar da ɓeransa. Da safe muka tarar ya ɗaga kai yana kallon silin, bai motsi. Jikata ta juya shi rigingine, ya kasa komawa. Na yi kiwon awaki, na san ciwo. Akuya takan yi kuka ka san inda za ka taɓa. Wannan kuwa shiru, sai jiki yana murɗewa kamar igiyar da ake matsewa. Kafin a binne shi, na kusa da shi ya fara kallon silin.

Likitan dabbobin da muka je wurinsa Basudane ne. Yana magana jikata tana fassara mini. Na fara tambayar abin da ya dame ni: cutar tana kama mutum? Ya ce a'a. Magani fa? Babu. Ya ce mai yiwuwa baƙon ne ya zo da ita, irinsu sukan ɗauke ta su yi ta yawo lafiya lau. Sannan ya tambayi yadda ake ciyar da su. Jikata ta faɗa masa, ba ta dube ni ba.

Ya ce duk wanda ya ci bayan baƙo, yawun baƙo ya kai gare shi. Wadda take ci kafinsa da wankakken awartaki, wataƙila ta tsira. Wataƙila, domin akwai ƙananan ƙwari masu bin jikin maciji, su ba ruwansu da wa ya girmi wa. A raba Dattijuwa da sauran macizan yau, a kai ta ɗakin da ya fi nisa, kuma hannun da ke jinyar marasa lafiya kada ya taɓa ta.

Ɗakin da ya fi nisa nawa ne.

"Kaka," ta ce. Ba ta ce ango ba. Na ce a kawo ta.

Da farko tsoron macijiyar nake ji. Ina salla ina jin kamar ana kallon ƙeyata. Ranar Alhamis aka ba ni sabon awartaki, hannuna na karkarwa har ɓeran ya yi ta rawa kamar mai rai, ita kuwa ta cafke shi. Jikata tana bayan ƙofa tana tambaya, "Ta ci?" Na ce, "Ta ci, kuma ba ta ce na gode ba."

Daga baya tsoron ya sauya. A ɗaya ɗakin akwatuna suna ta zama wayam, ɗaya bayan ɗaya, har baƙon ma aka yi masa allurar da ba a tashi. Ni kuma ba abin da nake dubawa sai kan Dattijuwa. In yana ƙasa, na sha shayina. In ta ɓuya, shayin ya huce.

Wata rana bayan la'asar na shigo na tarar ta miƙe, kanta a sama, tana fuskantar silin. Na zauna a bakin gado na kira jikata a hankali, kamar mai gudun tada wani.

"Harshenta yana fitowa?" ta tambaya daga bayan ƙofa.

"Ban gani ba."

"Matsa kusa, Kaka. Don Allah."

Na matsa har numfashina ya rufe gilashin. Na goge da hannun riga. Harshen ya fito, ya koma. Sai ta sauke kai sannu a hankali, ta bi gefen akwatin, ta shiga kwanon ruwanta ta kwanta.

"Wanka za ta yi," na ce. "Ta ga ango ya shigo."

Na ji yarinyar ta zame ta zauna a ƙasa a bayan ƙofa.

An ɗebi jinin Dattijuwa, an sake ɗiba bayan wasu watanni, ba a ga komai ba. An wanke wancan ɗakin, an zubar da akwatunan. Jikata ta ce ba za ta iya mayar da ita can ba tukuna, ni ma ban matsa ba. Yanzu ita ce ke tsayawa a bakin ƙofata tana gaishe mu. Nakan ce ta fara da Dattijuwa, domin a ɗakin nan ta fi ni daraja. Amma da asuba, kafin in nemi tabarau, kanta nake fara dubawa.