Dokin Ƙofar Ƙara-Ɗaya

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin, kowa Ƙara-ɗaya yake ce masa, har jikokinsa. Magini ne, siriri kamar ƙotar shebur, da wata hula da siminti ya riga ya cinye launinta. Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Duk kukan da ka kawo masa, maganinsa ɗaya ne: a ƙara bulo layi ɗaya. Katanga ta tsage? A ƙara ɗaya. Akuyar maƙwabta tana tsallakowa? A ƙara ɗaya. Wani ya rantse har da Allah cewa ya taɓa kai masa kukan ciwon haƙori, kafin ya rufe baki mutumin nan ya fara auna bango da ido.

Da ƙuruciyarsa ba wani magini ba ne na a-zo-a-gani. Ya yi shekaru yana bin manyan ma'aikata da kwanon kwaɓi a ka, daga baya ya sami cokalin gini nasa, ya shiga liƙe-liƙen banɗaki da gyaran dakali. A haka ya yi aure, a haka aka haifi yara, yau a samu gobe a rasa. Da basirarsa kaɗai aka bar shi, da a haka zai ƙare. Sai sama ta tausaya masa ta lalace.

Shi kansa ya ga lalacewar da hannunsa, ko da yake ko za a yanka shi ba zai amsa ba. Zafi ya riƙa zuwa da wuri yana ƙin tafiya, irin wanda fanka ke hura maka iska kamar daga bakin murhu. Kwaɓin da a da yake jiransa ya sha shayi ya dawo, yanzu kafin ya waiga ya daskare a kwano. Ruwan sama kuma ya daina zuwa da ladabi. Sai a yi makonni ana ɗaga kai ba ko ɗigo, rijiya ta ja baya, ƙasa ta yi tauri, sannan rana ɗaya hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta kwashe wa mutane kwanon rufi, ruwan wata guda ya sauko a zama ɗaya. Ƙasa ta ƙi sha, kwata cike da leda, ruwa ya rasa inda zai nufa, sai ya riƙa shiga gidajen bayin Allah ba sallama.

Shekarar da ruwan ya fara yi musu wannan ziyara, Ƙara-ɗaya ya jera bulo a bakin ƙofar gidansa, ya shafe da siminti, ya zama dokin ƙofa. Ruwa ya zo ya sunsuna, ya juya ya faɗa gidan Tela da ke kallon nasu, ya jiƙe masa yadin mutane kaf. Washegari sai ga Tela da hula a hannu.

"Malam, don Allah a yi mini irin naka."

"Ai ba komai, maƙwabci ɗan'uwa ne," in ji Ƙara-ɗaya, yana ɓoye murmushi.

Abin nema ya samu. Tela ya ɗaga ƙofarsa, ruwa ya nemi na gaba. Na gaba ya ɗaga, ruwa ya nemi wanda ya fi ƙasa, wanda ya fi ƙasa ya aiko a kira Ƙara-ɗaya. A taru a yashe kwata? Haba, wa ya aike su! Tura wa maƙwabci ya fi sauƙi, kuma da safe a gaisa lafiya lau, har a tambayi yaya aka ji da ruwan jiya. Kowace damina ruwa ya fi na bara tudu, kowane rani maginin nan yana bin ƙofofi da cokalinsa. Faɗuwar wani tashin wani. Har babur ya saya, har ya koyi cewa "sai na duba lokacina".

Sai dai aikinsa iri biyu ne. Na mutane, yashi ne da aka nuna wa siminti daga nesa, don dole a sake nemansa baɗi. Na ƙofarsa kuwa, nan ya zuba imaninsa: siminti mai kyau, tsakuwa, har da rodi a ciki, saboda shi ne tallarsa. Duk wanda ya zo ciniki sai ya kai shi ya ce ya sa ƙafa ya daka. Kuma ba ya yarda wani ya fi shi tsawo ko da ɗan yatsa. Dokin ƙofar ya tashi daga idon sawu ya kai ƙwauri, ya wuce gwiwa da cinya, ya doshi ƙugu. Ya yi masa ƴan matakala sirara waje da ciki, aka wayi gari shiga gidan Ƙara-ɗaya sai mai lafiya da ƙarfin hali.

To a cikin gidan akwai Inna, matarsa, wadda duk layin ke kira Inna. Mace ce mai jiki, mai son jama'a, irin wadda ba a suna ko gaisuwar rasuwa a rasa ta a sahun gaba. Ita da matar Tela kuwa tun suna amare suke tare, kullum da hantsi suna zaune a ƙofa suna tsinke ganyen miya suna gyara wa duniya zama. Sai gwiwa ta fara ba Inna matsala. Da farko tana hawa da addu'a, daga baya sai an riƙe ta, ranar da ƙafarta ta zame a matakala ta kwanta jinya ta daɗe, shi ke nan ta haƙura da waje. Matar Tela ma baya ya kama ta, ga nata dokin ƙofar ga na Inna, hawa biyu sauka biyu, ina za ta iya? Zumuncinsu ya koma ihu ta saman katanga.

"Ƙawata, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi!"

Iyakarta ke nan, shekara da shekaru, ƙofa tana kallon ƙofa.

Ba wai Inna ba ta yi magana ba. Ta yi da daɗi, ta yi da faɗa, har da kuka.

"Malam, ka rage mini abin nan in riƙa ganin mutane. Ni fa ba kaza ba ce da za a rufe a akurki."

"Ke dai ba ki da godiya. Matan layin nan duk damina suna shanya katifa, ke ko tabarmarki ba ta taɓa jiƙewa ba. Me kika ajiye a wajen? Duk abin da kike so ana kawo miki."

Shi a ransa gata yake yi mata, kuma abin haushin ke nan, da gaske yake.

Autarsu malamar makaranta ce, tana aure a wata unguwa. Duk zuwanta sai ta tattare zani ta haura tana tsaki. Wata rana ta zaunar da shi.

"Baba, abin nan ba na bulo ba ne. Duniya ce take ɗumama. Hayaƙin motoci da na masana'antu ya taru a sama ya riƙe zafi kamar bargo. Iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa, sai ta tsotse na ƙasa da na teku ta bar mu da fari, ranar da za ta sauke kuma ta juye shi gaba ɗaya. Shi ya sa na bana ya fi na bara, na baɗi kuma sai abin da Allah ya yi. Ruwa hanya yake so, Baba. Ku buɗe masa hanya."

"To malama, mun gode da darasi," in ji shi. "In duniya zazzaɓi take yi, a kai ta asibiti. Ni bulo na sani, kuma da shi na biya miki makarantar da kike mini wa'azi da ita."

Don ma ya nuna mata ya ji, a satin ya toshe rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida, wai ruwan titi yana biyowa ta nan ya shigo. Ya cusa mata siminti har wuya. Ruwan wanke-wanke sai a kwasa da bokiti a watsa waje, ai ba shi ke kwasa ba. Katangar bayan gida kuwa, wadda ta daɗe da tsagewa, bai taɓa waiwayarta ba, tun da babu mai ganinta balle ya yaba.

Ranar da abin zai faru an yi wani zafi da ko tsuntsu bai yi motsi ba. Ƙara-ɗaya yana can ƙarshen unguwa yana ɗaga ƙofar wani mai shago, sai gari ya yi duhu da rana tsaka. Iska ta fara, ya ga kwanon rufin wani yana tafiya a sama kamar takarda. Ruwa ya tsuge. Ya fake a shagon yana kallon titi yana zama kogi, bokitai da takalma suna wucewa, a ransa kuwa yana jera ƙofofin da za su neme shi gobe. Da ya ga abin ba mai tsayawa ba ne, ya bar babur, ya ɗora jakar kayan aikinsa a ka, ya kama hanya ruwa har gwiwa.

Ya iso layinsu ya tarar da aikinsa yana ba shi kunya gida-gida. Dokin ƙofar Tela ya narke kamar sukari, ruwa ya shiga ya zaga ya fito abinsa. Nasa kuwa yana nan tsaye ƙyam, ruwan titi bai ko kai bakinsa ba. Wani daɗi ya kama shi, har ya juya ko akwai mai kallo. Ya hau matakala yana cewa, "Inna, fito ki ga aiki!"

Sai ya leƙa ciki. 

Tsakar gidansa ta zama tafki. Katangar baya ta faɗi, duk ruwan layin bayansu yana kwararowa ciki, ga na indararo yana ƙari, ya zo ƙofa ya tarar da siminti da rodi, ya nemi rariya ya tarar an toshe. Ruwan cikin gida ya fi na titi tudu nesa ba kusa ba. Turmi yana yawo, tukwane suna karo da juna. Ƙara-ɗaya ya faɗa ciki, ruwa ya kama shi har ƙugu, ya nufi ɗakin Inna. Ƙofar ƙarfe ce mai buɗowa waje, shi ya kafa ta da hannunsa, nauyin ruwa ya danne ta. Ya ja, ya ja, ko gezau.

"Inna! Kina ina?"

"Ina kan gado, Malam." Muryarta a sanyaye. "Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya hau katifar. Ba zan iya miƙewa ba."

Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi. Ya koma bakin ƙofa, ya zaro guduma, ya ɗaga ya sauke wa dokin ƙofarsa. Gudumar ta yi tsalle ta dawo. Kai, aiki ya yi kyau! Duk rantsuwar da ya sha yi wa masu ciniki ashe gaskiya ce, yau ga ta ta tsaya masa a wuya. Ya doka, ya doka, tafin hannunsa ya fashe, yana kuka yana zagin simintin da wanda ya kwaɓa shi. Tela ya ji ƙara, ya ratso ruwa da wani guntun ƙarfe, tsoho da tsoho suka haɗu a kan abu ɗaya. Bulo na sama ya tsage, na biye ya bi shi, rodi ya lanƙwashe, sai ruwa ya ƙarasa musu aikin, ya ɓalle waje da ƙarfin da ya kusa tafiya da su duka.

Da ruwan ya sauka zuwa gwiwa ƙofar ɗaki ta buɗu. Inna tana zaune a kan gado, ruwa ya kai mata ƙirji ya koma, tana rawar sanyi, ta rungume ƙullin kayanta.  Maza suka taru aka ɗora ta a kujera, aka fito da ita ta giɓin da aka fasa, aka tsallaka titi da ita zuwa gidan Tela, inda aka sami tebur mai tudu.

Matar Tela tana zaune a kan teburin yankan yadi, an lulluɓa mata zani. Aka ajiye Inna kusa da ita. Suka kalli juna. Inna ta miƙa hannu ta taɓa gashin da ya leƙo daga ɗankwalin ƙawarta, fari fat.

"Ƙawata, yaushe kika tsufa haka?"

"Ina nan ƙofa da ƙofa da ke," in ji matar Tela. "Ke ma ai ban gane ki ba sai da kika yi magana."

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, suka riƙe hannun juna.

Ƙara-ɗaya yana tsaye a bakin ƙofar Tela, jini yana ɗiga daga hannunsa, ya ji komai.  Wani maƙwabci ya dafa shi ya ce, "Malam, in gari ya waye ka fara da tawa, wannan karon layi biyu za a ƙara." Bai ko kalle shi ba. Ya tsallaka titi ya ɗauki gudumarsa, ya ci gaba da fasa abin da ya rage, ko da yake ruwan ya riga ya fara janyewa.