Ranar da Malam Shitu Ya Saki Makullai

Wata rana, Asabar da hantsi, saura ƙiris wani bawan Allah ya rasa walimar 'yarsa saboda folda.

E, folda ta kwamfuta.

Sunansa Malam Shitu. Shi ne mai kula da na'urori a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Funtuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Mutumin kirki ne, sai dai yana da hali ɗaya: bai yarda kowa ya riƙe masa komai ba. Makullin ɗakin na'ura yana aljihunsa, na janareta yana aljihunsa, har na kabad ɗin da ake ajiye tsintsiya. Idan yana tafe, ƙarar makullai ce ke fara yi masa sallama.

Kalmar sirri kuwa, ko a mafarki ba ya faɗin ta.

Abokiyar aikinsa Barira ta shekara shida a wurin. Ta karanci abin, ta iya shi, wurinta ɗalibai ke gudu idan abu ya cushe musu. Amma da zarar an zo kan babbar kwamfuta, sai dai ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu tana kallo.

Wannan hali ya ja masa asara a gida. Sau biyu 'yarsa Ummita tana karɓar kyauta a makaranta, sau biyun yana ɗakin na'ura.

A wannan karon ta sauke Alƙur'ani, an sa walima ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya a Islamiyyarsu. Tun saura mako biyu ta riƙe hannunsa ta ƙi saki sai da ya yi alkawari. Har sabuwar shadda ya ɗinka.

To, ga yadda aikin nasu yake, don waɗanda ba 'yan sana'ar ba.

Babbar kwamfuta ce guda ɗaya, suna ce mata saba. Akwai manhajar da ke yanka ta gida-gida, ta fitar da ƙananan kwamfutoci arba'in waɗanda ba a taɓa su da hannu, kowane ɗalibi da tasa.

Ƙaramar kwamfuta ba ta isa ta taɓa faifan ajiya da kanta ba. Akwai wata 'yar manhaja a tsakani, su Barira suna kiran ta ɗan aike. Kowane ɗan aike yana da foldarsa, a nan yake rubuta inda faifan yake da halin da yake ciki, ƙaramar kwamfuta ta leƙa ta karanta.

Kowace folda tana da mai ita, tana kuma da izini: wa zai karanta, wa zai rubuta.

Ranar Juma'a suka koma sabuwar saba. Malam Shitu ya zauna ya buɗe folda arba'in da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, dukkansu da sunan babban mai iko, sunan da shi kaɗai ke shiga da shi. Haka ya saba yi, kuma a tsohuwar saba bai taɓa ganin matsala ba, domin a can 'yan aiken ma da wannan babban sunan suke aiki.

Abin da ya wuce shi, sabuwar manhajar ta rage musu iko saboda tsaro. Yanzu kowane ɗan aike da ɗan ƙaramin sunansa yake aiki, sunan da ba shi da izinin shiga foldar babban mai iko.

Asabar ta zo. Ɗalibai arba'in suna da jarrabawar aikin hannu ƙarfe goma.

Tara da rabi Malam Shitu ya shigo, shadda tana ƙyalli, turare yana tashi, hula an karya ta gefe. Shirinsa ya kunna na'ura, ya ga komai ya tashi, ya hau babur ya tafi.

Ya kunna.

Kwamfutoci arba'in suka farka, kowace tana cewa ba ta ga faifanta ba.

Ya kashe ya sake kunnawa. Ya canza waya. Ya zargi janareta, ya zargi wanda ya sayar musu da sabar, har zafin gari sai da ya sami rabonsa. Mutum ɗaya ne kawai bai zarga ba, kun kuwa san shi.

Sau biyu Barira tana cewa, "Malam, a duba folda." Sau biyun yana ɗaga mata hannu alamar ta dakata.

Goma da minti ashirin waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne, Ummita ce a wayar mamanta: "Abba, an gama jera kujeru. Na ajiye maka ta gaba."

Gumi ya karyo masa. Gaskiya na tausaya masa a nan, domin mutumin yana son 'yarsa kamar ransa.

Sai a lokacin ya duba folda, ya ga 'yan aiken ne aka hana shiga. Nan take dabarar masu sauri ta faɗo masa, wadda 'yan sana'ar ke kira bakwai-bakwai-bakwai. Wato a wangale folda ga kowa, duk wanda ya ga dama ya karanta, ya rubuta, ya goge.

Ku dubi ikon Allah. Mutumin da ke kulle tsintsiya, yau shi ne zai wangale jarrabawar mutum arba'in.

Ya ɗora yatsa zai danna. Barira ta matso, ta dafa teburin.

"Malam, don Allah kar ka danna. In ka wangale, ɗan aiken kowa zai iya shiga foldar kowa. Ɗalibi ɗaya mai wayo ya isa ya kwashi aikin ɗan'uwansa."

"To ya kike so in yi, Barira? In kulle, aiki ya tsaya. In buɗe, ki ce ɓarna. Yarinyar nan tana jira na!"

"Ka ba kowane ɗan aike foldarsa ta zama tasa. Kwamfutarsa ta karanta kawai, sauran kuma babu ruwansu."

"Folda arba'in? Sannan a gwada su ɗaya-ɗaya, a zauna har a tashi jarrabawa? Wa zai yi wannan in na tafi?"

"Ni mana. Ba kalmar sirrinka nake so ba, Malam, riƙe abarka. Sunana za ka ba izini. Shekara shida ina tsaye a bakin ƙofa kamar 'yan aiken nan."



Malam Shitu ya dubi allon kwamfuta, ya dubi Barira. Kunya ta kama shi, irin wadda ke kama babba idan aka faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Ya tuna sau nawa ta gano matsala kafin shi, ya yi kamar bai ji ba.

Sai ya fashe da dariya.

Ya jawo madannan kwamfutar, ya ba sunan Barira izinin kula da sabar. Aikin da bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ya miƙe ya ba ta kujerar, kujerar da ko mai shara ba ya matsar da ita.

Barira ta yi bisimilla, ta mallaka wa ɗan aike na farko foldarsa. Kwamfuta ta ɗaya ta ga faifanta, wani ɗalibi a ɗakin jarrabawa ya yi kabbara da ƙarfi.

Malam Shitu ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Ya zaro tarin makullan nan gaba ɗaya ya dire mata a kan tebur.

Ya kai wurin babur, ya sake dawowa da gudu. Makullin babur ɗin yana cikin tarin.

Ya isa Islamiyya sha ɗaya da kwata, shadda ta jiƙe, hula ta koma ƙeya. Daidai lokacin aka kira sunan Ummita. Ta fito rungume da allonta mai zayyana, idonta yana kan kujerar gaba, ta tarar babu kowa a kai. Fuskarta ta fara canzawa.

Sai ta hango shi yana kutsowa ta cikin mutane yana ba su haƙuri.

Murmushin da ta yi, har malaminta sai da ya waiwaya ya ga wa ya shigo. Ta jira ya zauna, sannan ta fara karatu, murya tar babu rawa.

Ana cikin addu'a wayarsa ta motsa. Hoto ne daga Barira: allon kwamfuta arba'in duk a kunne, kawuna arba'in a sunkuye ana aiki. A ƙasa ta rubuta, "Komai lafiya. A ajiye mini shinkafata."

Ya kai hannu aljihu kamar yadda ya saba, bai ji ƙarar komai ba. Ummita ta zo ta zauna kusa da shi, ta saka hannunta cikin nasa. Har aka watse bai duba agogo ba.

Darasi: Idan ka riƙe komai a hannunka, aiki zai tsaya, kai ma ka tsaya tare da shi. Idan ka wangale komai ga kowa, amana ce za ta zube. Ka ba kowa abin da yake nasa, da izini daidai aikinsa, sannan ka tashi ka tafi wurin waɗanda suka ajiye maka kujera.

Kowa yana da Malam Shitu a wurin aikinsa ko a gidansu. Tura masa wannan. In kuma ka duba ko'ina ba ka ga kowa ba, to taɓa aljihunka ka ji.