Tseren Haliru Daga Ƙofar Marke Zuwa Gidan Dahala

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Haliru makwancinsa, amma har yau in na ji tsohon babur yana tari a bakin lungunmu na Ƙofar Marke sai in kai hannu in gyara hula, kamar shi ne ya zo ɗaukata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Taubashina ne, ɗan goggona, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a wannan shafi ina da izini tun daga kakanni. Da ni na riga shi tafiya, abin da zai faɗa a kaina sai ya fi wannan muni.

Jikokina ne suka tono mini shi a makon jiya. Na tarar da su sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ihu, ashe sabon zangon shirin nan ne na Turawa masu tseren zagaya duniya. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutane ne bibbiyu ake saki da jakunkuna a baya, yau suna wannan ƙasa gobe suna waccan, ko'ina a ba su wani aikin wahala, sannan su ruga su taka wata shimfiɗa inda mai gabatarwa yake tsaye. Waɗanda suka zo ƙarshe a sallame su gida. Na tsaya a kansu ina kallo, sai na ji dariya ta taso mini tare da ƙwalla, domin zango guda na wannan shiri ya taɓa hana mu sakat a gidan Haliru.

Haliru malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur yana bin rugage da ƙauyuka, kuma ban da aikin Hajji bai taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba. Wannan bai hana shi zama gwani a kan tafiyar duniya ba. Kowace Asabar bayan la'asar sai ya aiko a kira ni, mu zauna gaban talabijin, 'yarsa ta fari Asma'u tana yi mana tafinta. Da yake 'yar fari ce ba ya kama sunanta, Malamar Asibiti yake ce mata, don aikin jinya take yi. Ita ke faɗa mana abin da ake ciki, shi kuma yana yanke hukunci.

Ranar da aka ba wata baturiya soyayyar fara ta ci, ta zauna tana sharɓar kuka. Da Asma'u ta gaya masa dalilin kukan sai da ya miƙe zaune. "Hwara ta fa! Kukan mi? Ku sa mata yaji ku ba ta wuri." Da aka kai su wata ƙasa suna faɗuwa don zafi, cewa ya yi a kawo su Sakkwato ana gab da faɗuwar damina, su san cewa can hutu suka je. Amma babban abin da ke ƙona masa rai shi ne rashin gaisuwa. Mutum ya tarar da dattijo a zaune, ba sallama ba komai, sai ya tura masa taswira a hanci. "In ni na," in ji Haliru, "bayan gari za ni nuna mishi."

A wannan zangon akwai wasu tsofaffi biyu, wa da ƙane, masu furfura da ciwon gwiwa, waɗanda kowa ya ɗauka su za a fara kora. Sai ga shi mako bayan mako suna tsallakewa, samari majiya ƙarfi suna komawa gida. Haliru ya ɗauke su 'yan'uwa. Dattawanmu yake ce musu, har addu'a yake yi musu, ko da yake an sha gaya masa an daɗe da gama ɗaukar shirin. Ni a lokacin na zaci son wasa ne kawai. Ban lura cewa shari'arsa yake gani a jikinsu ba.

Domin kuwa akwai shari'a a gidan, kuma a kan makullin babur ce. A 'yan watannin nan Haliru ya ture butocin masallaci, ya shiga cikin tiren mai ƙosai, sannan ya yi karo da wani rago. Ya rantse ragon ne ya taho da gudu, alhali duk unguwa ta shaida a ɗaure yake. Asma'u ta ce ya ba da makulli kuma ya bi ta a duba idonsa. Ya ce idonsa garau, kuma ranar da aka raba shi da babur a haɗa da likkafani. Ba wasa yake yi ba. Babur ɗin nan shi ne ƙafarsa, da shi yake zuwa suna da jana'iza da dubiya, kuma bai ga yadda zai zauna a zaure yana jiran yaro ya ga damar kai shi unguwa ba.

Ranar da dattawan nan suka zo na ɗaya a tseren wani mako, Haliru ya buga cinya ya ce to a yi ta ta ƙare. A shirya irin wannan tsere a nan cikin gari: shi da ni a kan babur, Asma'u da ƙanenta Nasiru a keke mai ƙafa uku. A tashi daga Ƙofar Marke, a biya Gidan Igwai a sayi fura, a kai ta Gidan Dahala wurin ƙanwarsa Hajiya Kulu ba tare da ta zube ba. Hajiya Kulu za ta tsaya a kan tabarma a ƙofar gida ta yi alƙalanci. In an riga shi ya ba da makulli, in ya riga kada a sake tayar da maganar. Ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Asma'u ta ce ta amince, ta juyo gare ni ta ce, "Bappa, amanar shi tana hannunka." Na ce ba komai, ni da ko keke ban iya ba.

Muka tashi da hantsi. A gaskiya tuƙin ba laifi, a hankali yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Matsalar ita ce gaisuwa. Bai wuce mai shayi ba, bai wuce mai faci ba, bai wuce majalisar tsofaffi ba. Kowa sai ya rage tafiya ya kwaɗa sallama, ya jira an amsa, ya tambayi iyali. Ina ta zungurinsa a baya ina cewa tsere fa muke yi, yana ce mini shi ba baturen talabijin ba ne. A Gidan Igwai muka sayi fura, aka dama, aka ɗora mini kwano a cinya, kowane rami kuwa sai rigata ta sha rabonta.

Muna barin wurin mai fura ya ja birki a gaban wani shagon tela. A bakin shagon an tsayar da mutum-mutumin nan da teloli ke rataya wa kaya, an sa masa babbar riga da hula. Haliru ya gyara murya.

"Salamu alaikum. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali?"

Shiru. Ya sake sallama, shiru. Sai ya karkato kai ya ce mini, "Ummaru, wanga ɗan wa na? Ya sha riga kamar hakimi, ana gaishe shi shina kallon mutane."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Tsakaninsa da abin nan bai fi a miƙa hannu ba. Na dubi titi, na dubi motocin da muka ratso. Na sauka da kwanona na ce, "Haliru, ashe makaho ka tuƙa ni tun sahe?"

"Kai da Allah Ya ba idanu, mi ka tsinana da su? Ko keke ba ka iya ba."

Ya faɗi haka ne don kada in ga ya karaya. Da muka koma gefe ya gaya mini gaskiya. Tun bara yake ganin duniya kamar ta cikin ruwan koko. Gaisuwar nan da nake yi wa tsiya, da ita yake gane hanya. In mai shayi ya amsa ya san kwana ta kusa, in mai faci ya amsa ya san akwai rami a gaba. Garin duka ya haddace shi da muryoyin mutane, kuma bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Na ce ba zan sake hawa ba ko za a naɗa ni sarauta. Ya ce shi kuma ba zai bar babur a titi ba, kuma ba zai fasa tsere ba, dattawanmu ma ba su taɓa fasawa ba. Haka muka kama hanyar Gidan Dahala a ƙasa, shi yana tura babur, ni ina riƙe da kwano a hannu ɗaya da hannun rigarsa a ɗayan, ina faɗa masa rami da kwata. Tafiya ce mai nisa ga tsofaffi biyu, ga rana ta take. Mun huta a inuwa ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya tambaya sai Haliru ya ce mai ne ya ƙare. Mu biyu mun san an riga mu tun tuni.

Muka tarar da Hajiya Kulu a kan tabarma tana fifita da mafici, tana faɗa tun daga nesa cewa ƙafafunta sun kumbura kuma ita ba ta ga kowa ba. Ban gaskata ba sai da muka taka tabarmar. Ta leƙa kwano ta ga rabi, ta dubi rigata ta ga sauran, ta yanke hukunci cewa tunda rigar ma ta iso, fura ta iso duka.

A daidai nan keke ya tsaya a bayanmu. Mai keken ya fito yana mita, wai tun da ya fara sana'a ba a taɓa sa shi bin masu tafiya a ƙasa ba. Asma'u ta sauko idanunta jawur. Ashe ba ta yi tseren komai ba. Tun daga ƙofar gida take biye da mu, ta ga gaisuwa, ta ga shagon tela, ta ga komai, kuma ta kasa wuce ubanta a hanya.

Haliru bai juya ba. Ya ce, "Tun Ƙohwar Marke nike jin salansar keken ga bayana. Kulu, hwaɗi da ƙarhi kowa shi ji, wa yac ci?"

"Kai kac ci, Yaya."

Sai Haliru ya zare makullin daga jikin babur ya miƙa hannu, sai dai ya miƙa shi wajen da ba kowa. Asma'u ta taka a hankali ta koma inda hannun yake, ta durƙusa.

"Ungo, Malamar Asibiti. Ba amshewa kinka yi ba, ni nib ba ki. Amma a gaya ma mutane ni nic ci."

An yi masa aikin yanar ido daga baya, ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi. Abin da ya fara faɗa da ya gan ni shi ne ashe haka na tsufa ba wanda ya sanar da shi. Dattawanmu kuwa an kore su ana gab da ƙarshe, ya ce maguɗi ne, kuma a kan haka ya tsaya har ya bar duniya. Ya yi sauran shekarunsa yana zuwa suna da jana'iza a ƙasa ko a bayan Nasiru, yana gyara masa tuƙi tun daga gida har gida. Ko da idon ya buɗe, bai taɓa tambayar inda aka ajiye makullin ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu wata mata ce a cikin waya take gaya wa matasa su yi dama su yi hagu, kunnuwansu a toshe, su ratsa unguwa guda ba su ce wa kowa sannu ba. Na tabbata zai fara tambayar ko 'yar wa ce, da har take ba maza umarni ba sallama. Wataƙila kuma ya so ta a ɓoye, don da tana nan a lokacinsa da ta rufa masa asiri. Sai dai ban ga Haliru yana yarda da muryar da ba zai iya tambayarta lafiyar iyali ba.

Bai bar gidaje ba, babur ɗin ma tsatsa ta cinye shi a bayan ɗaki. Abin da ya bar mini shi ne abin da na gani a kan tabarmar nan. A tsawon rayuwata na ga mutane da yawa da aka ɓamɓare abu daga hannunsu suna kururuwa, a ofis da kasuwa da cikin gida. Mutum ɗaya tak na gani da aka ce ya ci, abin yana hannunsa ba mai iya karɓa, ya miƙa shi da kansa don kada 'yarsa ta ci gaba da bin bayansa da fargaba. Ina kewarsa ƙwarai, har tsiyar da yake yi mini nake kewa.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kuma a iya sanina ba a cika masa shi yadda ya kamata ba, don iyakar waɗanda suka ji mu ne da mai keke. To ga shi yau na sa a jarida, jama'ar Sakkwato da na wajenta ku shaida: an yi tsere daga Ƙofar Marke zuwa Gidan Dahala, kuma Haliru ne ya ci.