A-kori-kurar da Na Saya a Kabo

Litinin: Mainika zuwa Kabo

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida, ana sallame salla. Da kaka ne, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Rayuwa ta yi tsada, kuɗin ɗaukar buhun dawa zuwa kasuwa ya kusa cinye ribar buhun, shi ya sa na sayar da bijimaina uku na ce gara in mallaki a-kori-kura tawa. Tuƙi kuwa na iya, don na yi shekara biyu ina jan tarakta.

Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota, ya ce in jira shi zuwa Laraba mu je tare. Amma dillalin motar da nake nema a Kabo ya aiko cewa wani mutumin Ƙaraye ya taya. A bakin zaure maiɗakina Hadiza ta ce, "Malam, ba za ka jira Kawu ba?"

Na ce, "In na jira Kawu, wani zai hau ta."

Ɗan acaba ya kai ni Gwarzo a naira arba'in. Na sha koko da ƙosai a tasha, hayis ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Tun daga tashi har Kabo hirar Shari'a ake yi. Wani mai sayar da goro ya ba da labarin wanda aka yanke wa hannu a wata jiha saboda saniya, ya nuna daidai gaɓar a wuyan hannunsa. Wasu suka ce madalla, wasu suka kau da kai. Ni hankalina yana kan lalitar da ke ƙuguna.

Takwas saura kwata muka sauka Kabo. Dillalin, Alhaji Tanko, yana da fili a bayan tasha, motoci huɗu a ƙarƙashin darbejiya. Tawa fara ce, an wanke ta har tayoyi. Na zaga gari da ita sau biyu, giya tana shiga, inji ba ya hayaƙi. Da muka dawo ya ce, "Buɗe bonet ka duba da kyau, Malam Musa. Ni ba na son a dawo min."

Na buɗe. Na ga inji fes, na taɓa wannan waya, na girgiza waccan. Gaskiya ban san abin da ake dubawa ba, kuma na ji kunyar in faɗa a gaban mutane. Ya miƙo min takardu a leda, na ga hatimi da sa hannu, na mayar. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Aka rubuta takardar ciniki da hannu a gaban shaidu biyu: launin mota, lambar da ke gabanta, da kuɗinta. Na sayi galan biyu a wurin 'yan bumburutu, don gidajen mai a rufe suke, na kama hanya sha biyu daidai.

Shingen hanyar Gwarzo

Saura kamar kilomita goma in shiga Gwarzo na tarar da shingen 'yan sanda. Wani Saje mai furfura ya karɓi takardun, ya sa tabarau, ya ce in buɗe bonet. Ya ɗauko tsumma ya goge wani wuri a gefen injin da ban ma san akwai rubutu a kai ba. Ya dubi ƙarfen, ya dubi takarda, ya sake duban ƙarfen.

Ya ce, "Yaushe ka sayi motar nan?"

"Yau, ranka ya daɗe. Yanzun nan."

"Lambar injin nan daban, ta takarda daban. Ko dai injin ba na motar ba ne, ko motar ba ta takardar ba ce. Kuma muna da rahoton wata farar a-kori-kura da aka sace."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi tsawa ma da ya fi min sauƙi. Na dafa ƙofar motar. Ya shiga gaba ya zauna kusa da ni ya ce mu je ofis. Duk tsawon hanyar ba abin da nake kallo sai hannuna na dama a kan sitiyari. Sau biyu motar ta mutu min a hanya.

Gwarzo

Daga ɗaya da rabi har bayan la'asar ina bayan kanta, ba takalmi ba hula. A nan na yi azahar. Allah ya sa wani mutumin garinmu ya gan ni lokacin da ake shiga da ni, shi ya kai wa Kawu Idi labari.

Kawu ya iso biyar saura. Bai kalle ni ba, ya gaisa da Saje gaisuwa mai tsawo, suka fita wurin motar tare, suka daɗe. Da suka dawo ya tsaya min beli. Saje ya ce, "Baba, don girmanka. Mota tana nan. Zuwa azahar ɗin Laraba a kawo min shaidar inda injin nan ya fito. In babu, takarda za ta wuce gaban alƙali, can zai yi bayani."

A zauren wani tsohon abokin Kawu muka sauka, kusa da kasuwa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka bayan magariba, na yi loma biyu na tsame hannu. Na kasa daurewa na ce, "Kawu, za su yanke?"

Ya ce, "Ba a yi wa mai saye haddi, balle kana da shaidu. Amma in ta tabbata ta sata ce, motar ta tafi, shanunka sun tafi, kuma sai ka gamsar da alƙali cewa ba ka sani ba. Me ka duba kafin ka biya?"

Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Talata: komawa Kabo

Shida da rabi muka shiga mota, bakwai da kwata muna filin Alhaji Tanko. Yana shan shayi. Da na gaya masa abin da ya faru, ko kofin bai ajiye ba.

Ya ce, "Malam Musa, ban ce ka buɗe bonet ba? Ka buɗe. Ban ba ka takardu a hannu ba? Ka gani, ka taya, na sallama. Ciniki ya ƙare. Ga shaiduna nan."

Shaidun suka gyaɗa kai. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na fara magana, Kawu ya dafa ni.

Ya ce, "Alhaji, ɗan nawa ya yi wauta, na yarda. Amma gobe da azahar in alƙali ya tambaye shi wa ya sayar masa, sunan wa kake jin zai kira? Kai ma za a tambaye ka wa ya ba ka."

Sai a lokacin ya ajiye kofin. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai dillali ba ya tona mai kaya, wai in mai saye ya san mai kaya an kashe masa sana'a. Daga ƙarshe ya ce motar ta wani marigayi ce a Durun, matarsa Hajiya Rabi ce ta ba shi ya sayar don a raba gado.

Durun

Babu motar Durun a lokacin, muka ɗauki acaba biyu, naira sittin-sittin. Hanyar duk yashi ce, ana ta yankan dawa hagu da dama. Goma da rabi muka yi sallama a ƙofar gidan.

Hajiya Rabi dattijuwa ce, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura, muka yi mata ta'aziyya. Da Kawu ya kawo maganar, ta ce, "Ƙwarai, maigidana Alhaji ya sake mata inji shekara biyu kafin ya rasu, tsohon ya buga a hanyar Dayi. A Kano ya sayo. Ai na gaya wa Tanko, na ce ya faɗa wa duk mai saye."

Kawu ya ce, "Hajiya, ko an bar rasit?"

Ta ce, "Takardun Alhaji dai da yawa yara sun kunna wuta da su bayan rasuwar. Bari in duba abin da ya rage."

Ta shiga ciki. Na fi minti arba'in ina sauraren ƙarar kwanuka daga cikin gida, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ta aiko da takarda ta farko, katin asibiti ne. Ta biyu, rasit ɗin haraji. Can sai ta fito da kanta da wata ƙatuwar kwalla, ta dire a gabanmu ta ce, "Ni ban yi boko ba. Ku duba da kanku."

Muka zazzage. Takardun taki, na gona, hotuna, wasiƙu. Kusan a ƙasan kwallar Kawu ya zaro wata shuɗiyar takarda da mai ya ɓata gefenta, da hatimin wani shagon kayan mota. Nan na tuna ni ko lambar injin ban rubuto ba, da me za mu gwada? Kawu ya zura hannu a aljihu ya fito da ɗan littafinsa. Ashe jiya da suka fita da Saje ya kwafe ta. Ya ce in riƙa karanta rasit, shi yana bin littafi. Harafi biyu, lamba bakwai. Ina kira yana cewa "I." Da muka kai ta ƙarshe na kifa goshina a kan tabarma, na daɗe ban ɗago ba.

Hajiya ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Tafi da ita, ni me zan yi da ita." Ta kuma haɗa mu da babban ɗanta, ta ce ya bi mu Gwarzo gobe ya yi shaida.

Kabo kuma

Bayan la'asar Kawu ya kai ƙara wurin limamin masallacin tasha, wanda 'yan kasuwar wurin suke kai wa saɓaninsu. Aka kira Alhaji Tanko. Liman ya saurari kowa, sannan ya ce masa, "An ba ka amanar magana ka isar, ka ɓoye don kada farashi ya faɗi. Wanda ya san aibin kaya ya yi shiru, ba ya fakewa da cewa mai saye ya gani. Yana da haƙƙin ya mayar maka in ya so."

Na fara jin daɗi, sai ya juyo kaina. "Kai kuma, an ce ka duba, ka yi kamar ka duba. Wanda bai sani ba tambaya yake yi. Da ka ce ban iya ba, a kira min bakanike, wa zai kama ka?"

Kawu ya ce injin ya fi na asali lafiya, kada in mayar. Aka tsaya a kan Alhaji Tanko zai sake rubuta takardar ciniki da lambar inji da ta bodi da bayanin canjin, kuma shi zai ɗauki nauyin gyaran takardun. Ya rubuta yana ƙunƙuni, liman ya sa hannu. A gidan liman muka kwana, kuma ranar na cinye tuwona.

Laraba: Gwarzo zuwa gida

Tara da rabi muna gaban Saje, mu uku da ɗan Hajiya. Ya karɓi takardun daga hannuna, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa ɗan Hajiya tambayoyi, ya rubuta, ya buɗe durowa ya miƙo makulli. Ya ce, "Ka je a gyara takardun cikin satin nan. Wani shingen ba lalle ka samu mai jira har Laraba ba."

Kawu ne ya karɓi makullin, shi ya ja mu. A hanya ya riƙa nuna min abubuwa ba tare da faɗa ba: inda lambar bodi take, yadda ake jin birki in ya fara cinyewa, ƙarar da ke nuna ƙafar gaba tana son gyara. Na san labari ya riga mu isa Mainika, kowa ya ji an tsare ni, ina ta tunanin da wace fuska zan shiga gari a kujerar fasinja.

Daidai kukar da ke bakin gari ya taka birki, ya fito, ya zagayo ta gefena ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Matsa ka ja. Motarka ce."

Sha biyu da minti ashirin na tsaya a ƙofar gidanmu, maƙwabta suna ta barka da arziki, Hadiza tana leƙe daga zaure tana share ido da gefen mayafi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya da mutuncina. Allah ya saka wa Hajiya Rabi da liman da alheri, ya jiƙan mai motar na farko, ya ƙara wa Kawu Idi tsawon rai.